Yadda Wayar HDMI Ke Ɗaukar Hoto da Sauti

HDMI tsari ne na jona na'urar da ke fitar da hoto da wadda ke nuna shi, kamar dikoda da talabijin, ko kwamfuta da majigi, ta waya guda mai ɗauke da hoto da sauti tare. Kamfanoni bakwai ne suka haɗu suka fitar da shi a watan Disamba na 2002: Hitachi, Panasonic, Philips, Silicon Image, Sony, Thomson da Toshiba. Yau da wuya a ga sabuwar talabijin a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari da ba ta da wannan kafa a bayanta.

Kafin zuwansa, abin da aka saba da shi a Kano shi ne wayar nan mai kai uku: rawaya ta hoto, fara da ja na sauti. Ita hoton take ɗauka a matsayin hawa da saukar ƙarfin lantarki, don haka duk wata hayaniya da ta shiga wayar sai ta bayyana a allo, hoto ya dusashe. HDMI kuwa lambobi yake aikawa, sifili da ɗaya.

Lambobin ba kaɗan ba ne. Allon da ake kira 1080p yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato sama da miliyan 2, kowane ɗigo da gwargwadon ja, kore da shuɗinsa, kuma ana iya sabunta su duka sau 60 a daƙiƙa. Bakin wayar yana da haƙora 19. Layuka uku ne ke ɗaukar bayanan, na huɗu yana daidaita lokaci don kada mai aikawa da mai karɓa su saɓa. Kowane layi zare biyu ne: ɗaya na ɗauke da saƙon, ɗayan kishiyarsa. Talabijin na duba bambancin da ke tsakaninsu ne kawai, kuma tunda hayaniyar waje kan taɓa su biyun daidai wa daida, sai ta soke kanta. Sauti ba shi da zarensa na daban. Ana cusa shi ne a ɗan giɓin da ke tsakanin layin hoto da mai bi masa, dabarar da ta fi komai burgewa a tsarin.

Kafin hoto ya fito, sai na'urorin biyu sun gaisa. Dikoda na tura wuta mai ƙarfin bolt 5 ta haƙori na 18, talabijin ta amsa ta na 19 cewa an jona ta. Daga nan dikoda ta karanta ɗan bayanin da talabijin ta ajiye game da kanta: girman hoton da take iya nunawa da irin sautin da take karɓa. Sai kuma makullin HDCP, wanda kamfanin Intel ya ƙirƙira don hana satar fim. In gaisuwar nan ta gaza, allo baƙi zai tsaya ko da wayar lafiyarta ƙalau. Masu gidajen kallon ƙwallo a Fagge da ke raba dikoda ɗaya ga talabijin uku ko huɗu sun san wannan matsala, kuma sau da yawa na'urar rabawar ce mai laifi. Cire wayar a mayar yakan wadatar, domin yana sa a sake gaisuwar daga farko.

Tsarin ya yi ta ƙara sauri: gigabit 10.2 a daƙiƙa a 2006, sai 18 a 2013, sai 48 a 2017. Siffar bakin wayar ba ta canza ba, shi ya sa sabuwar waya ke shiga tsohuwar talabijin.

A nan ne ake yawan yaudarar mai saye. Waya mai ruwan zinare a baki ba ta ƙara wa hoto kyau ko kaɗan. Muddin lambobin sun isa daidai, hoton waya mai araha da na mai tsada iri ɗaya ne. In waya ta kasa, ba dusashewa hoto yake yi ba: ko fararen ɗigo su riƙa walƙiya, ko ya riƙa ɗaukewa, ko ya ƙi zuwa sam. Abu biyu ke jawo haka, tsawo da yawan bayanai. Mita biyu ba ta da matsala, amma da an wuce kamar mita goma, musamman da hoton 4K, sai a nemi waya mai ƙara ƙarfin saƙo. Don haka mai saye ya auna nisan da yake bukata tun daga gida, ya duba saurin da aka rubuta a jikin leda, sannan ya sa a gwada masa wayar a shago kafin ya biya.