Sola Ta Yi Araha, Bashi Ya Yi Tsada



An ce in yi magana a kan arahar da wutar hasken rana ta yi a duniya, da siyasar da ake bugawa a kan sauyin yanayi. Zan ɗora maganar a kan 'yan'uwanmu na Jazira da bakin kogin Nil al-Azrak a Sudan. Bayan Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, suka kafa Maiurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, hannun Hausawa da Fulani da Barebari na cikin waɗanda suka tsinci audugar nan. Jikokinsu ne yau ke noman albasa da tumatir da ayaba a gaɓar kogi, suna kamun kifi, suna ƙwadago a hawashar wasu, wato gonakinsu na gandun.

Arahar gaskiya ce. Hukumar IRENA ta ƙiyasta cewa daga 2010 zuwa 2023 kuɗin samar da lantarki daga manyan tashoshin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, batir ma haka ya bi. Ba tausayin talaka ne ya jawo wannan ba. Jamus ce ta yi shekaru tana saye da tsada don kasuwa ta tsaya da ƙafarta, Sin kuma ta kafa masana'antu har fiye da kashi 80 cikin ɗari na farantan sola na duniya daga can suke fitowa.

A daidai wannan lokaci jazulin, wato man dizal, ya yi ta hawa a Sudan. Kudancin Sudan ya ɓalle a 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar. A 2021 gwamnati ta janye tallafin mai. Sannan yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, Wad Madani ta faɗa hannun mayaƙan Da'am Sari a Disamban shekarar, sojoji ba su dawo da ita ba sai Janairun 2025. Aka wawashe injuna da farantan da ke kan rijiyoyin ƙauyuka, aka riƙa kai wa tashoshin lantarki hari har Marawi. Manyan magudanan Jazira gangara ke tura ruwansu, amma mai gona a kan gaɓa sai babur, wato injin ban ruwa mai shan jazulin, ya ɗago masa ruwa. Albasa kuwa ba ta jiran layin gidan mai; kwanaki kaɗan ba ban ruwa, aikin rani ya tashi a banza.

To me ya hana kowa ya kafa sola? A nan nake so mu tsaya. Jazulin jarka-jarka ake sayensa, yau kaɗan gobe kaɗan. Sola kuwa kuɗin wutar shekara ashirin ake biya rana ɗaya. Wanda ke da jari ko mai ba shi rance da sauƙi, ya huta har tsufansa. Wanda ba shi da su, sai ya koma wa ɗan kasuwa ya ci bashin shail, ya sayar da amfanin da bai nuna ba da farashin wulaƙanci, ya zuba kuɗin a tankin babur. Saboda haka farashin faranti ba shi ne ke yanke hukunci ba, farashin bashi ne. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ce Afirka na da kusan kashi 60 cikin ɗari na wuraren da suka fi dacewa da sola, amma abin da ke shigo mata daga jarin makamashi mai tsabta bai wuce kashi 2 ba.

Siyasar yanayi ke nan a wurinmu. A taron Kofanhegan na 2009, Lumumba Di-Aping, ɗan Sudan, shi ne bakin ƙasashe masu tasowa. A can ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, ba su cika ba sai 2022 bisa lissafinsu na kansu, mafi yawa kuma rance ne. A Baku a 2024 aka ɗaga alkawarin zuwa biliyan 300 kafin 2035, watanni biyu bayan haka Amurka ta sanar da ficewa daga yarjejeniyar Paris. Sudan kuwa tun juyin mulkin Oktoban 2021 Bankin Duniya ya dakatar da ba gwamnatinta kuɗi. Mutanen da ambaliyar 2020 ta ci gidajensu, waɗanda hayaƙinsu bai taka kara ya karya ba, su aka fi nisantarwa daga kuɗin.

Amma kada mu kai duk laifin ƙetare. An gwada raba famfunan sola kusan 1,500 ga manoman jihar Shamaliya tare da UNDP, ta hanyar bankuna, kuma abu ne mai kyau. Sai dai banki takardar gona yake nema. Dubban iyalai na zaune a kanabi, wato unguwannin 'yan ƙwadago, tsara bayan tsara, ba su mallaki ko ƙasar da ɗakinsu ke kai ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin idan aka sake gina Jazira da sola aka tsallake kanabi, za a ƙara wa mai hawasha ƙarfi, a bar mai ƙwadago da tocila.

Abin da nake roƙo shi ne manoma biyar ko goma masu gonaki jere su haɗa adashi su sayi famfo ɗaya, su tsara ranakun ruwa a gaban limami da mai unguwa. Bankin Noma ya karɓi lamunin ƙungiya a madadin takardar gona, ya jira biya har girbi. A cire harajin kwastan a kan faranti da famfo, a hana shigo da na jabu. A tura samarinmu su koyi haɗawa da gyara, don kada famfo ya kwana wata yana jiran mai gyara daga Madani. Kuma duk lissafin da gwamnatin jihar Jazira ko ta Sinnar za ta yi na rijiyoyi da asibitocin da za a sa wa sola, mu tabbata sunayen kanabi na ciki kafin a sa hannu.