Ƙararrawar da Ta Ƙi Yin Shiru



Da wuya a samu wanda a cikinku bai san gidan da ya sauki baƙi daga Sabon Birni ko Isa ba, mutanen da 'yan bindiga suka taso. Ku lura da su. Wata biyu, maigidan ya fara fita nema. Matar kuwa, murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida, sai ta zabura ta rarumi ɗanta. Dare ya raba, idonta biyu. Sai a ce ta cika raki, ko a ce iska ce.

Idan mutum ya ga haɗari, wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa yakan saki sinadarin da likitoci ke kira CRF. Shi ke tura saƙo har wasu ƙululu biyu da ke kan ƙoda su zubo kortizol cikin jini. Shi ne kuma ke kaɗa wata ƙararrawa can wajen ƙeya, wadda ke sa a kasa kunne, barci ya ƙaurace.

A 2010, Debra Bangasser da Rita Valentino suka binciki wannan ƙararrawa a jikin ɓeraye, a Amurka. Bayan an wahalar da namijin ɓera, ƙwayoyin ƙararrawarsa sukan janye makarɓan sinadarin CRF zuwa ciki, kamar mai ɗaki da ya ja tagoginsa ganin guguwa. Na macen suna nan a buɗe, kuma ɗan kaɗan na sinadarin ya isa ya tayar da ita.

Na ga wani dattijo yana murmushi. Gaskiyarka, Baba, ɓera ba mutum ba ne, kuma ni ma ba zan ɗora wa ɓera kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma a birnin Trier na Jamus, a farkon shekarun 1990, Clemens Kirschbaum ya riƙa tsayar da mutane gaban alƙalai masu ɗaure fuska, su yi jawabi, su yi lissafi da ka. Kortizol ɗin maza ya fi na mata tashi. Ke nan namiji ba dutse ba ne, ɓoyewa ya iya. Duk da haka ciwon damuwa ya fi kama mata, kusan ninki biyu. Abin dubawa ashe ba yawan sinadarin kaɗai ba ne, har da yadda ƙwaƙwalwa ke karɓarsa da lokacin da take sakinsa.

Me ya sa aka daɗe ba a gane ba? Mazan ɓeraye aka fi yin gwaji da su, sai a 2016 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta wajabta wa masu cin kuɗinta su yi la'akari da jinsi.

Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, ga kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo nan cikin gari. Roƙona ga likitocin da ke zauren nan: idan irin wannan baiwar Allah ta zo da ciwon kai da faɗuwar gaba, kafin ku rubuta mata farasitamol, ku tambaye ta rabonta da barci, da kuma garin da ta baro.