Rediyo a Matsayin Ubangidan Makaɗan Turai



Ƙungiyar makaɗa irin ta Turai, wadda kan tara mutum tamanin zuwa ɗari da goge manya da ƙanana da kayan busa da ganguna, aba ce mai cin kuɗi. Kuɗin shiga zaure ba ya riƙe ta. Kamar yadda makaɗin fada a wurinmu ba ya rasa ubangida, haka su ma can. Mai tsara kiɗa Haydn ya yi kusan shekara talatin yana yi wa gidan sarautar Esterhazy kiɗa, su ke ci da shi, su ke biyan makaɗansa. Da irin waɗannan gidaje suka ja baya, sai nauyin ya yi ta neman wanda zai ɗauka, har rediyo ya zo.

Mu duba Landan. A 1895 Robert Newman da Henry Wood suka fara kaɗe-kaɗen bazara da ake kira Proms a zauren Queen's Hall, da araha, har mai ƙaramin ƙarfi ya biya ya tsaya a ƙafa ya saurara. Zuwa 1927 harkar ta kusa durƙushewa, BBC ta karɓe ta. A 1930 ta kafa ƙungiyar makaɗa tata ta kanta ƙarƙashin Adrian Boult, da albashi. Bam ɗin Jamus ya ƙone Queen's Hall a 1941, aka koma Royal Albert Hall, kuma har yau tashar Radio 3 ta BBC na watsa kowane zama kai tsaye. Amurka ma ta yi nata: kamfanin NBC ya tara wa madugun makaɗa Toscanini ƙungiya a 1937, suka yi ta kaɗawa ta rediyo har 1954.

Yanzu ku biyo ni cikin zauren. Kafin a fara, mai busa obo, wata 'yar sarewa mai kama da algaita, zai ja murya ɗaya, kowa ya daidaita abin kiɗansa a kanta. Mai gabatarwa yana magana ƙasa-ƙasa, kada ya dami waɗanda ke kusa. Can a ɗaki, ma'aikacin sauti na zaune da rubutaccen kiɗan a gabansa, yana bi shafi-shafi. Ya san inda ganguna za su faɗo gaba ɗaya, sai ya riga su ya ɗan rage. Ya san inda goge guda zai rage shi kaɗai, sai ya ɗaga kaɗan don mai saurare a mota ya ji. Wannan ma'aikaci ba a tafa masa, alhali rabin daɗin a hannunsa yake. Tarin 'yan kallo ma yana shiga makirufo, kuskuren mai ƙaho ma haka, ba damar gyara. Ni dai na fi son hakan a kan faifan da aka goge tas.

Sai dai ubangida ma yakan gaji. A 2023 BBC ta sanar za ta rufe ƙungiyar mawaƙanta, BBC Singers, ta kuma rage ma'aikata a ƙungiyoyin makaɗanta na Ingila. Jama'a suka yi ca, ta janye maganar rufewar. Masu biyan kuɗin lasisin da BBC ke dogaro da shi ne ke riƙe da waɗannan makaɗa, kuma su ne suka hana a sallame su.