Kamfanin Jiragen Saman Habasha: Mallakar Gwamnati, Ragama a Hannun Ƙwararru



Duk sanda aka tayar da zancen kamfanin jiragen sama na ƙasa, sai ka ji an ce gwamnati ba ta iya kasuwanci ba. Masu wannan magana suna da hujja. Air Afrique ya rushe a 2002, Nigeria Airways ya bi shi a 2003, Ghana Airways ma bai jima ba ya bi sahu. To amma Ethiopian Airlines, wanda ya fi kowane kamfanin jirage girma a Afirka, na gwamnatin Habasha ne ɗungurungum. Abin da wannan takarda ke bibiya shi ne yadda aka yi shi ya tsira.

An kafa kamfanin a Disambar 1945, zamanin Sarki Haile Selassie. Ranar 8 ga Afrilu, 1946, jirginsa na farko ya tashi daga Addis Ababa zuwa Alƙahira, ya yada zango a Asmara. Jiragen ragowar yaƙin duniya na biyu ne, ƙirar C-47, matuƙa da shugabanni kuwa kamfanin TWA na Amurka ne ya kawo su. Habashawa ba su naɗe hannu suna kallo ba, koyo suka shiga yi. A 1957 Alemayehu Abebe ya zama kyaftin. A 1971 Semret Medhane ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci kamfanin, a 1975 kuma TWA ya tattara nasa ya nasa. Shekara talatin ke nan ana miƙa aikin sannu a hankali, ba a yi gaggawar korar malami kafin a iya karatu ba.

Babbar jarabawa ta zo ne bayan juyin mulkin 1974, lokacin da sojojin Derg suka karɓi ƙasar suka jingina da Tarayyar Sobiyet. Siyasa ta kutsa cikin kamfanin, ma'aikata suka yi yawa, aiki ya taɓarɓare. A 1980 aka naɗa Kyaftin Mohammed Ahmed. Ya rage ma'aikata, ya tsaya kai da fata cewa lissafin riba da asara ne zai ja ragama. A 1984, gwamnati na ƙawance da Mosko, kamfanin ya karɓi Boeing 767 na Amurka. A ganina a nan ne aka kafa al'adar da ta raya shi har yau: gwamnati ce mai kaya, amma ba ta zaɓa wa kamfanin jirgi, ba ta cusa masa 'yan uwa da abokan arziki. Ku duba shugabanninsa na baya-bayan nan. Girma Wake daga 2004, Tewolde GebreMariam daga 2011, Mesfin Tasew daga 2022, dukkansu a cikin kamfanin suka taso. Yana da makarantarsa ta horar da matuƙa da injiniyoyi, yana kuma gyara jiragensa a gida.

Yadda yake aiki kullum kuwa, duk ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya taɓa zuwa Sin saro kaya ya san shi. Ya hau jirgi a Kano da rana, ya sauka filin jirgin Bole na Addis Ababa da daddare, ya tarar da cincirindon matafiya daga Yamai, Njamena, Legas, Lusaka. Kafin tsakar dare sai a rarraba su: wannan Guangzhou, wancan Dubai, wani Landan. Da asuba jiragen nesa su dawo, da hantsi a sake watsa fasinjoji zuwa biranen Afirka. Kano kaɗai ba za ta cika jirgin Guangzhou ba, amma birane da dama idan suka haɗu za su cika shi. Akwai ma wani dalili na tashin dare. Bole na kan tudu mai tsayin sama da mita 2,300, iska ba ta da kauri, jirgi mai nauyi ya fi samun ƙarfin tashi cikin sanyin dare.

Da wannan tsari ya shiga ƙawancen Star Alliance a 2011, ya riga kowa a Afirka karɓar Boeing 787 a 2012. Lokacin annobar korona, da fasinja ya ɗauke, sai ya ciccire kujerun wasu jirage ya koma dakon magunguna da kayan asibiti. A shekarar kuɗi ta 2023/2024 ya ɗauki fasinja sama da miliyan 17, ya samu kuɗin shiga kimanin dala biliyan 7.

Ba zan ɓoye inda aka yi kuka ba. Ranar 10 ga Maris, 2019, jirginsa ƙirar 737 MAX ya faɗi kusa da Bishoftu, minti shida da tashi, mutum 157 suka rasu, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi na Najeriya. Haɗarin ya sa aka dakatar da wannan ƙira a duniya baki ɗaya. A yaƙin Tigray an zargi kamfanin da jigilar makamai, ya musanta, amma zargin ya nuna cewa katangar da ke tsakaninsa da gwamnati tana iya tsagewa. A waje ma ba ko'ina ya dace ba. ASKY da ya taimaka aka kafa a Lome yana nan yana aiki tun 2010, amma Tchadia na Cadi ya mutu, shirin Nigeria Air kuma, wanda aka ware masa kashi 49 cikin ɗari, kotu ta soke shi a 2024.

Saboda haka nake kira ga masu tsara manufofin sufuri. Kafin a sake maganar sayo jirgi ko fenta tuta a jikinsa, a fara da dokar da za ta hana minista naɗa shugaban kamfani ko tsige shi yadda ya ga dama. A kuma zuba kuɗi a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, a gina wurin gyaran manyan jirage a gida, domin yaran da za su riƙe kamfanin jiragen ƙasarmu nan da shekara ashirin yanzu ne ya kamata su shiga aji.