BAYAN AN SALLAMO SHI DAGA ASIBITI, SAI ME?

  

Ya ku 'yan'uwa, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, kuma ɗaya cikin huɗunsu mace ce. A shekarar ce gwamnati ta hana shigowa da maganin tari mai kodin da kuma sarrafa shi. To amma wanda jikinsa ya riga ya kamu, yana nan a gidajenmu.

Me muka saba yi da shi? Mu kai shi gidan mari, mu juya baya. Sai a watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka fito da fiye da mutum 300 daga wani gida a Rigasa, wasunsu da sarƙa a ƙafa, sannan muka ga abin da muke biyan kuɗi a yi wa 'ya'yanmu. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙoƙinsa. Wannan ci gaba ne, babu musu.

Sai dai asibiti, ko na Barnawa ne ko na Kware, iyakarsa ya raba jiki da guba, ya ɗora mutum a kan hanya. Zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi suna lafawa cikin kwanaki. Ƙwaɗayin kuwa yakan kai watanni, har shekaru. Kuma ga abin da iyaye da yawa ba su sani ba: wanda ya daina taramadol ko kodin, jikinsa ya manta da jure su. In ya koma ya sha adadin da ya saba a da, numfashinsa na iya tsayawa. Ke nan makonnin farko bayan sallama su ne mafi hatsari, kuma daidai lokacin ne muke cewa ya warke, mu sakar masa mara.

Saboda haka muke cewa jinya ba ta ƙare ba sai ya sami sana'a, ya rabu da majalisar da ta lalata shi, ya sami wurin tsayawa a sahu ba tare da an matsa gefe ba. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya hana a la'anci wani sahabi da aka sha kawowa saboda giya. Mu kuwa ko kosa ba ma ɗaukarsa aikin shago.

Kowane reshe ya ware mutum biyu da za su riƙa raka irin wannan ɗan'uwa ganin likita, su san ranakun komawarsa asibiti. In ya zame ya koma sha, a mai da shi wurin likita a ranar, kada a jira sai gari ya ji.