Abin da Ya Durƙusar da Kulob ɗin Cleveland Browns



Batun da aka ɗora mana a yammacin nan ya shafi wani wasa da galibinmu ba mu taɓa bugawa ba, watau ƙwallon Amurka. Shi wannan wasa ya sha bamban da tamaular da muka sani. Ƙwallon mai siffar ƙwai ne, da hannu ake ɗaukarsa ana jefawa, mutum 11 a kowane gefe, kuma akwai ɗan wasa guda da ke tsara hari yana rarraba ƙwallo. A cikin wannan lacca za mu kira shi madugu. Kulob 32 ne ke cikin gasar ƙwararru ta NFL, wasan ƙarshe kuwa da ke fid da zakara sunansa Super Bowl. Tambayarmu ita ce: me ya sami Cleveland Browns na jihar Ohio, kulob ɗin da a da babu kamarsa, amma tun 1964 bai sake ɗaukar kofi ba, bai kuma taɓa taka filin Super Bowl ba?

Bari mu fara da zamanin ɗaukaka. Kulob ɗin ya fara wasa a 1946 a ƙarƙashin mai horarwa Paul Brown, wanda sunansa aka sa wa kulob ɗin. Tsohon malamin makaranta ne, ya kuma riƙi aikin kamar makaranta. Yakan zaunar da 'yan wasa a aji, ya nuna musu majigin wasannin da suka wuce, ya ba su jarrabawa. Ya ɗauki baƙaƙen fata Marion Motley da Bill Willis a lokacin da wariyar launi ta rufe musu ƙofa. Daga 1946 zuwa 1955 sun je wasan ƙarshe sau 10 a jere, suka ci 7.

To, ina aka faɗi? Wasu na cewa talaucin gari ne, domin masana'antun Cleveland sun durƙushe, jama'ar birnin ta ragu daga sama da 900,000 a 1950 zuwa ƙasa da 400,000 a 2020. Wannan hujja ba ta gamsar da mu ba. An tsara gasar ne yadda ba wanda zai daɗe a ƙasa. Kuɗin talabijin daidai wa daida ake raba su. Tun 1994 akwai iyakar albashin da kowane kulob zai biya. Idan kuma aka zo zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, wanda ya zo na kashin baya shi ke fara zaɓe. Bugu da ƙari, maƙwabtansu na Pittsburgh ma masana'antun ƙarfensu sun mutu, amma kulob ɗinsu ya ci Super Bowl sau 6. Ruwa ba ya tsami banza, sai mu duba cikin gida.

Dalili na farko shi ne korar masu sani. A 1961 wani ɗan kasuwa daga New York, Art Modell, ya sayi kulob ɗin. Suka kasa jituwa da Paul Brown kan wanda zai riƙe ragama, a watan Janairun 1963 ya sallame shi. Kofin 1964 ya zo, aka ce ai maigida ya yi daidai, alhali kuwa galibin 'yan wasan da suka ɗauko shi Brown ne ya tara su, sabon mai horarwar ma tsohon mataimakinsa ne. A 1966 gwarzonsu Jim Brown yana Ingila wajen ɗaukar fim, Modell ya yi barazanar cin tararsa in bai dawo horo ba, shi kuwa ya ajiye wasa baki ɗaya yana ɗan shekara 30. Daga baya, Bill Belichick ya horar da su daga 1991 zuwa 1995, aka sallame shi, ya je New England ya ci Super Bowl sau 6.

Dalili na biyu shi ne tumɓuke gida daga tushensa. Adalci ne mu faɗi cewa a kakannin 1986 da 1987 da 1989 saura taki ɗaya su kai Super Bowl, Denver ta tare su duka sau ukun. Ke nan akwai sauran ƙarfi. Amma bashi ya yi wa Modell katutu, a watan Nuwamban 1995 ya ba da sanarwar ƙaura zuwa Baltimore. Mutanen Cleveland suka yi tsayin daka, aka bar musu suna da launin riga da tarihi. 'Yan wasa da ma'aikatan da suka san aiki, irin su Ozzie Newsome, su kam sun tafi. Sabon kulob ɗin Baltimore Ravens ya ci Super Bowl a kakannin 2000 da 2012. Wanda aka buɗe a Cleveland a 1999 kuwa suna kawai ya gāda, komai daga farko ya fara.

Dalili na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran muni, shi ne rashin haƙuri. Daga 1999 zuwa 2019 masu horarwa 9 aka naɗa, ban da na riƙon ƙwarya, biyu daga cikinsu kaka ɗaya tak suka yi. Madugai sama da 30 aka gwada. Kowane sabon shugaba yakan zo da tsarinsa, ya watsar da mutanen wanda ya gāda, kafin shukarsa ta tsiro an kore shi. Ku gwada wannan da Pittsburgh, inda mutum 3 kacal suka horar daga 1969 zuwa 2024. Sakamakon ya fito fili a kakannin 2016 da 2017, inda Browns suka buga wasa 32 suka ci 1. A watan Janairun 2018 magoya baya suka yi jerin gwano a kewayen filin wasa suna yi wa kulob ɗinsu ba'a.

Da abu ya fara gyaruwa ma, gaggawa ta sake ɓata shi. A Janairun 2021 madugu Baker Mayfield ya kai su ga nasara a wasannin kifa-ɗaya-ƙwale, abin da rabonsu da shi tun 1995. A 2022 suka rabu da shi, suka ɗauko Deshaun Watson kan dala miliyan 230, kwantiragin da dole a biya ko ya yi wasa ko bai yi ba. Suka kuma sadaukar da zaɓensu na farko na shekara 3, duk da cewa mata sama da 20 sun kai shi ƙara kan zargin lalata. Cikin kaka uku wasa 19 kawai ya buga. A 2024 kulob ɗin ya ci wasa 3, ya faɗi 14.

Wani zai tambaya, me ya hana masu kulob ɗin gyarawa? Amsa ita ce kuskurensu ba ya cin aljihunsu. A wannan gasa ba a mayar da kulob ƙaramin rukuni kamar yadda ake yi a tamaula. Jimmy Haslam ya saye shi a 2012 kan kusan dala biliyan 1, darajarsa kuma ta yi ta hauhawa ko an ci ko an faɗi. Mai horarwa ke rasa aikinsa, ɗan kallo ke komawa gida da baƙin ciki, wanda ya yanke shawarar kuwa yana nan daram a kujerarsa.

'Yan'uwa, da yawanmu za mu fita daga nan mu riƙi ofisoshi, wasunmu ma sun riga sun fara. Ranar da aka damƙa mana ma'aikata, mu tuna da Cleveland kafin mu kori tsohon ma'aikacin da ya fi mu sanin aiki, ko mu soke shirin wanda muka gāda don kawai ba mu muka fara shi ba. Mu kuma tambayi kanmu, in shawararmu ta ɓaci, wa zai biya kuɗinta? Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.