Jawabin Shugaban Taro a Wajen Ƙaddamar da Littafin Tafiye-tafiye na Matasan Tambuwal da Kebbe

 

Masu girma uwayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, iyayenmu mata, 'yan makaranta, da 'ya'yanmu marubuta waɗanda saboda su muka taru, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Littafin da za mu ƙaddamar yau ba shi da bango, ba a kuma ɗauko shi daga maɗaba'a ba. A cikin waya yake zaune. Na san akwai dattawan da abin bai kwanta musu ba, don haka zan fara da su.

Ranku ya daɗe, ƙasar nan ta san littafi tun kafin ta san injin buga shi. Tambuwal gari ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, malami kuma mai tsara waƙa da Larabci. Gwandu ta Malam Abdullahi tana kusa da mu. Abin da Shehu da Abdullahi da Bello da Nana Asma'u suka rubuta ya iso gare mu ne domin ɗalibai sun zauna da alƙalami da tawada sun kwafa, hannu bayan hannu, fiye da shekara 200. Ko Baturen nan Barth, da ya zo Gwandu a 1853, a can ya samu littafin Tarikh al-Sudan ya kwashi abin da zai iya. Shi ya je ya rubuta yadda ya gan mu, duniya ta karanta mu ta idonsa. Wannan ne ya sa aikin yaran nan ya burge ni: sun shiga Dogon Daji da Sanyinna da Jabo da Kuchi, sun zauna da manoman fadama da masunta da tsofaffi masu tarihi a ka, sun rubuta ƙasarsu da Hausarsu.

Ba su ne farau ba. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Su sun kawo wa Bahaushe labarin waje. Na yau kuwa namu ne za su kai wa na waje, a lokacin da rashin tsaro ya sa mutane da dama ba sa iya bin wasu hanyoyinmu. Ɗan Kebbe da ke neman abinci a Legas ko Makka zai buɗe waya ya ga garinsu.

Hanyar da littafin Hausa ya biyo sananniya ce: daga Kamfanin Gaskiya na Zariya zuwa kasuwar Kano, inda marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka cika gidaje da littattafai. Sai takarda ta yi tsada, waya ta yi yawa. Yau da yawa daga cikin masu karanta labaran Hausa, musamman mata, a WhatsApp da Wattpad da Facebook suke karatu, ko su saurara a YouTube suna aikin gida. Marubuciya kan saki babi-babi, mai so ya tura kuɗi ta banki a saka shi a zauren masu karatu. Ba ta jira wani kamfani ya yarda da ita ba, kuma wannan babban ci gaba ne.

Amma akwai gyara, kuma a nan nake so a saurare ni da kyau. Magabatanmu idan sun kwafi littafi sukan rubuta sunan mawallafi, su yi masa addu'a. Yau mutum ɗaya zai saya, kafin la'asar ya tura wa mutum ɗari, wani ma ya goge sunan mai shi ya liƙa nasa. Wannan cin haƙƙi ne, ko da ba a fasa ƙofar kowa ba. Yarinyar da ta hana idonta barci tana rubutu ta cancanci ladan guminta.

Sai maganar ajiya. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Najeriya da yawa suka dogara da ita tun 2013, ta rufe a ƙarshen 2023. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, kamfani na durƙushewa. Don haka ina roƙon shugabannin ƙananan hukumominmu biyu su ɗauki nauyin buga kwafi na takarda, a kai makarantun sakandare, a kai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, a kai ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Ku kuma 'ya'yana marubuta, sauƙin bugawa kada ya sa ku gaggawa. Ku ba malaman Hausa su duba muku rubutu kafin ku saki. Abin da tsoho ya faɗa muku, ku tambayi wani tsohon ku gwada, ku kuma nemi izini kafin ku sa hoton kowa.

Da izinin uwayen ƙasa, ina ƙaddamar da wannan littafi da sunan Allah. Jama'a, duk mai waya a nan ya sayi nasa kafin ya tashi, wanda yake da hali ya saya wa ɗalibi. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.